Cikin da Magdalene Ba Ta Yi Ba

Magdalene Kefas ta dawo Zuru daga wata kwaleji a Minna a 2004 da takardar shaidar iya buga tafireta da kuma wata ɗabi'a da ba a aike ta ta koyo ba. 'Yan ɗakinsu a makaranta ne suka raɗa mata suna buhun dawa. Ita kuwa ba wata ƙiba gare ta ba, jikin gidansu ne: ubanta tsohon saje ne, uwarta kuma ta taɓa fitar da bunsuru daga coci da hannu ɗaya.

Ta sami aikin buga takardu a wani shago kusa da tasha. Da safe ba ta karyawa, da rana ta ce ta ƙoshi. La'asar na yi sai yunwa ta shaƙe ta, ta sayi fanke da ƙosai da burodi, ta kulle ɗaki ta cinye tas, ta bi da ɗumamen tuwo, sannan ta zaga bayan gida ta zura yatsa a maƙogwaro.

A unguwarsu Rikoto kuwa budurwa ba ta amai a banza. Maƙwabciyarsu ta jiyo ta ta katanga sau biyu, kafin Lahadi matan zumuntar coci sun gama yi mata ciki, har sun zaɓa masa uba, wani mai kaɗa jita a coci da bai taɓa ce mata fiye da sannu ba. Da wata biyar suka wuce ciki ya ƙi fitowa, matar fasto ta ce aljanin haɗama ne, ta yanke mata azumin kwana uku. Magdalene ta yi shi da murna. Ranar buɗe baki ta ci na mutum huɗu, ta amayar, ta zauna a dakalin bayan gida tana kuka.

Wadda ta gano ta Monica ce, tsohuwar nas mai ɗan kemis a bakin kasuwa. Karo na uku ke nan a mako ɗaya da Magdalene ta zo sayen maganin wankin ciki. Monica ta dubi kumburarren kumatunta da tabon haƙori a bayan yatsunta.

"Ciki dai ba ki da shi, aljani ma ba ki da shi. Zauna."

Ta jawo wani ɗan littafi da aka raba musu a taron bita a Jos, wanda tun lokacin fifita take yi da shi.

"Ni ba zan warkar da ke ba, 'yata, gwiwoyina sun ishe ni. Ke za ki karanta, ke za ki yi. Duk Alhamis ki zo in duba."

Dokar farko ita ce cin abinci sau uku a rana, da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani.

"Mama, na zo neman in rage, kina cewa in ƙara?"

"Yunwar da kike tarawa tun safe ita ke kai ki wurin mai fanke."

Sai kuma rubutu: abin da ta ci, ƙarfe nawa, da wanda ya ɓata mata rai kafin nan. Littafin Turawa ne suka rubuta shi, suka ce in sha'awar cin ta taso a fita yawo da kare har ta lafa. Karen gidansu bai taɓa neman rakiya ba, don haka sai ta riƙa zuwa wurin babanta ta ce ya ba ta labarin yaƙin Laberiya. Saje Kefas ba ya gama wannan labari a ƙasa da awa ɗaya, kuma babu sha'awar da ke kaiwa ƙarshensa da rai.

Da Kirsimeti ta koma gidan jiya, sau huɗu cikin mako. Kunya ta hana ta zuwa Alhamis biyu. Monica ta hau kabu-kabu ta same ta a shago.

"Littafin bai ce ki zama mala'ika ba. Ina takardarki?"

"Ban rubuta ba, Mama."

"To rubuta na yau. Me kika ci da safe?"

Kafin daminar 2005 ta fita, Magdalene ta yi wata huɗu ba ta zaga bayan gida don wannan ba. Ba ta rame ba, ba ta kuma ƙara ba, abin da ya ɗan ba ta haushi. Haƙori ɗaya na ciki dai ya riga ya lalace, sai cire shi aka yi. Wasu ranakun sha'awar takan dawo, ta jira ta ta wuce.

A 2008 ta auri wani malamin firamare ɗan garin Manga. Wajen liyafa an sa wa amarya shinkafa don ado kawai, yadda aka saba. Magdalene ta ɗage mayafi ta cinye, ta aika a ƙaro nama. Mai hoto ya ɗauke ta baki cike, uwar miji ta ce a sake wani, ango ya ce wannan ɗin za a wanke babba.