Magaribar da Ta Ƙi Gyaruwa

Da Yaya ya tashi daga ciwon shanyewar ɓarin jiki, ba hannunsa ne ya fi damunsa ba. Tsoronsa kada ciwon ya taɓa masa kai. Malamin lissafi ne a Rano, kuma tun kafin ya kwanta yake rubuta manhajar da za ta fitar wa masallatan Rano da Kibiya lokutan salla. Shekarun dawowar shari'a ne, kowa na neman abin da zai yi wa addini, shi nasa ke nan.

Ni, ƙanwarsa, na zama mai buga masa. Yana kishingiɗe a tabarma yana faɗa, ina bugawa a kwamfutarsa ta gwanjo. In mun gama sai in rubuta umarnin nan na Turanci, "make", a baƙin allon, ta harhaɗa rubutun ya zama manhaja, in karanto masa lokutan.

Magariba ce ta ƙi. Ya gyara lissafi, ta fito kafin faɗuwar rana. Ya sake gyarawa, tana nan jiya i yau. Na tsani injin nan, wallahi. Shi kuwa ko tsaki ba ya yi, sai dai ya sake faɗo wani gyaran, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Wata rana bayan la'asar ya ce, "Rufe kwamfutar, auta. Ashe ciwon bai tsaya a hannu ba."

Gidanmu ba a rasa taurin kai. Na ƙi rufewa, na shiga karanto masa duk abin da ke allon, har wani ɗan layi da ke cewa babu sabon abin harhaɗawa.

Ya yunƙura ya zauna. "Wace shekara agogonta yake nunawa?"

Na duba, shekarar ta daɗe da wucewa. Ashe batirin agogon ya mutu, duk ɗauke wuta sai ya koma baya. Yaya ya ce ita make sabo kawai take harhaɗawa, kuma da agogo take gane sabo. Duk gyaran da ya yi, tsohon rubutu ta ɗauke shi, ba ta ko taɓa shi ba.

Na saita agogo. Ya ce, "Mayar da gyarana na farko."

Na mayar, na harhaɗa. Magariba ta faɗi daidai.

Ya sa na maimaita masa lokacin. A hankali ya ce, "Tun farko daidai na yi." Sai ya juya fuskarsa bango, ni kuma na fita na ba shi wuri.