Ranar da Muka Fasa Katanga da Taɓarya

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, yanzu har sunayen jikokina sai na lalubo kafin in kira, amma ranar da ƙanwata ta ɗauki taɓarya ta fasa katangar gidanta saboda ni, wannan kam da ita za a kai ni kabari.

Mu biyu ne mata a wurin mahaifiyarmu, a wani ƙauye kusa da Roni, kuma Allah ya yi duk a Kazaure za mu yi aure, layi ɗaya, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ni ce babba, ni aka fara kawowa. Maigidana a lokacin awon gyaɗa yake yi, da sikelinsa a ƙofar gida, da kaka sai ka tsallake buhuna kafin ka shiga zaurenmu. Mijin ƙanwata kuwa yaron mota ne, rigarsa kullum cikin baƙin mai. Ni nake miƙa mata abu ta kan katanga: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, zanen da na gaji da shi. Ta karɓa da hannu biyu tana godiya, ni kuma in koma ɗaki ina jin kaina wata babba.

Layinmu gangare ne, daga gindin duwatsu ya sauko har wani kududdufi da ke ƙarshen unguwa. Wanda ya san Kazaure ya san ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya jiran kowa, gudu yake yi. Mutanen da suka kafa unguwar sun san da haka, shi ya sa kowace katanga suka bar mata rariya, wato ’yar kafa a gindinta. Ruwan gidan sama ya shigo naka, naka ya wuce na ƙasa da kai, gida-gida har kududdufi. Ba mai cewa ruwan wane ya ɓata mini tsakar gida, domin kai ma naka yana cikin gidan wani. Gidanmu ne a sama, na ƙanwata a ƙasa, saboda haka ruwanmu ta gidanta yake bi.

Sai zamani ya juya. Fari ya zo, ciwo ya shiga gyaɗa, sikelin maigida ya yi tsatsa a zaure, ya koma noman gero kamar kowa. A daidai lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, ko ina hanya ake yi. Yaron motan nan ya zama direba, daga nan ya sami kwangilar jigilar tsakuwa, ya sayi tifa tasa ta kansa, ya je Makka ya dawo, sai ga shi yara suna rusuna masa suna cewa Alhaji. Ya rushe gidan ƙasa ya tayar da na bulo, rufin kwano, tsakar gida shafe da siminti. A falo aka shimfiɗa wani jan kafet mai laushi, wanda in ka taka ƙafarka take nutsewa.

Daga nan abin da ke tsallake katanga ya sauya hanya. Yau sabulu mai ƙamshi, gobe turmin atamfa, jibi gwangwanin madara. Ina karɓa ina cewa an gode, amma wallahi kowanne kamar garwashi yake a hannuna. Kishi nake yi, kishi na gaske, irin wanda ke hana mutum jin daɗin tuwo. Yarinyar da na goya, na koya wa daka, yau ita ce ke tuna ni da sabulu. In ruwa ya sauka a kan kwanonta, ƙarar kaɗai ta isa ta ɓata mini rai. Kafet ɗin nan kuwa, duk ranar da na shiga na zauna a kansa, sai na dawo gida na sami abin da zan yi wa yara faɗa a kai.

Maginin da aka ɗauko daga birni shi ya ja katangar da ke tsakaninmu, kuma bai bar rariya ba. Ya ce wannan ƙauyanci ne, wa zai shafe gida da siminti sannan ya bar ƙazantar maƙwabta tana ratsa shi? Kowa ya fitar da ruwansa titi, gwamnati za ta gina lambatu. Maganar ta yi wa mutane daɗi, gidajen da ke ƙasa da na ƙanwata ma kowa ya kwaɓa ƙasa ya liƙe tasa rariyar, don kada a ce shi ne baƙauye. Ma’aikata sun zo kuwa, da igiyar awo da ’yan turaku, suka kakkafa a gefen layi suka tafi. Turakun nan awaki aka riƙa ɗaurewa a jiki har suka ruɓe. Abin da aka yi kawai shi ne zuba jan marmara a layin don tifar Alhaji ta riƙa shiga, sai titi ya fi tsakar gidanmu tudu.

Kun ga ke nan ruwa yana shigo mana ta rariyar sama, ta gidan wata tsohuwa da ta ce ita ba za ta toshe abin da ta tarar ba, amma ba shi da mafita. Daminar farko da ƙwarya muka riƙa kwarfewa, ni da yara. Kafin kaka gindin ɗakina ya fara zaizayewa, ɗakin ƙasa ne mai rufin soro, a cikinsa na haifi ’ya’yana duka. Maigida ya yi masa yaɓe, ya kai kuka wurin mai unguwa, aka ce a yi haƙuri, lambatu na nan tafe. Ni kuwa ba ni da bakin yi wa Alhaji magana, yayar mata ai suruka ce, ko gaisawa muke yi kowa kansa a ƙasa. Sai na yi wa ƙanwata habaici, na ce mu dai yanzu agwagi ya kamata mu koma kiwo.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Yaya, in ruwa ya matsa muku ga ɗakin baƙi nan a rufe, ku dawo mana. Har da katifa a ciki.”

Da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani, amma da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Ni in kwashe ’ya’yana in koma cin arziki a ɗakin baƙin ƙanwata, matan unguwa suna leƙowa suna yi mini jaje? Tun daga ranar na san abin da nake tsoro a duniya. In ɗakin nan ya faɗi, ba mu da halin tayar da wani a tsakiyar damina, kuma ba inda za mu nufa sai kan katifar nan.

Damina ta biyu, lokacin da gero ya fara fitar da kai, aka shiga marka. Ranar da abin ya faru maigida yana gona can wajen Yankwashi, Alhaji yana kan hanya da tifarsa, sauran mazan layi sun tafi cin kasuwa. Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, aka saki ruwa irin wanda ba ka ganin bakin zaure daga ƙofar ɗaki. Rariyar tsohuwa ta riƙa aman ruwa ja wur daga duwatsu. Muka kama kwarfa, amma ina, abin da muka zubar waje ta zaure yake dawowa. Kafin wani lokaci ruwa ya kai mini gwiwa, kaji sun haye kan rumbu, akushi da tabarmi suna yawo a tsakar gida. Na juya na ga yaɓen gindin ɗakina yana ɓantarowa yana faɗawa cikin ruwa, ga wata tsaga ta kama daga ƙasa tana hawa wajen taga.

Sai na ji muryar ƙanwata a sama. Ta taka durom ta leƙo ta kan katanga, ɗankwalinta ya manne mata a ka. Ta ce in miƙo yara. Wannan ban yi gardama ba, na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta karɓe. Da ta ce saura ni, sai na ce ba inda za ni, in ɗakin zai faɗi ya faɗi ina kallonsa. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi tsagar nan. Ita ma ta san ni, ta san ba ruwa ne kaɗai ya tsayar da ni a wurin ba.

Ta ce, “Yaya, daidai ina rariyar take a da?”

Na ce, “Me za ki yi da ita? Ki sauka kada ki faɗi.”

“Ki ƙwanƙwasa mini wurin kawai.”

Na san wurin, kusa da inda nake ajiye tulu. Na laluba taɓaryata cikin ruwa na buga sau biyu a gindin katanga. Jim kaɗan sai na ji amsa daga can ɓangaren, dum, dum, katanga tana girgiza. Na ɗaga murya na ce ta bari, Alhaji zai ci mutuncinta, katangar nan ko shekara biyu ba ta yi ba. Sai ma dukan ya ƙaru. Da na ga haka ni ma na gyara tsayuwa na shiga bugu daga nawa ɓangaren, tana saukewa ina ɗagawa, yadda muke lugude a gidanmu muna ’yan mata. Bulo ashe cikinsa fanko ne. Ya tsage, ya rufta, ruwa ya fizgi taɓaryar daga hannuna ya wuce da ita gidanta.

Na taka murhu na leƙa. Ruwan gidana ne, baƙi ƙirin da toka da kashin awaki da ƙaiƙayi, yana malala a kan simintin nan da ake wankewa kullum da safe. Dokin ƙofar falonta gajere ne, ruwa ya haye shi ya shige ciki. Ita ko waiwaye ba ta yi ba, ta riga ta nufi katangarta ta ƙasa tana duka, tana kiran matar gidan da ke bayanta ta buɗe tata. Can sai na ji wata taɓaryar ta amsa, sannan wata a gaba da ita. Matan da ko zaure ba sa leƙawa da rana, ranar su suka buɗe rariyoyin layinmu gida-gida har kududdufi. Kafin la’asar ta yi sanyi na ga ƙasar tsakar gidana ta bayyana, ɗakina yana tsaye da tsagarsa.

Alhaji ya dawo ya tarar da ramuka biyu a katangarsa da laka a falo. An ce ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Ƙanwata ta ce ita ce, kuma in an sake liƙewa za ta sake fasawa, ba za ta zauna a busasshen gida tana jin ɗakin yayarta yana faɗuwa ba. Ya yi kwanaki yana fushi, ko abincinta bai ci ba. Daga baya shi da kansa ya kira magini na gari ya gyara ramukan suka zama rariya sosai, ya kuma tara maza aka haƙa magudana a gefen layi. Lambatun gwamnati sai da ’ya’yana suka yi aure sannan ya iso, ƙarami, kuma yau in kun je za ku tarar da shi cike da leda, ruwa yana shiga gidajen mutane kamar ba a taɓa yin komai ba.

Kada ku zaci kishina ya tafi da ruwan nan. Unguwa ta ɗauki zancen, ko ina yabonta ake yi, a gidan suna, a gidan biki, wai mace guda ta ceci layi. Ni da na buga rabin katangar ba mai ambatona. Sai na ga ashe bayan kwano da siminti, yanzu har a kirki ma ta fi ni, wannan kuwa ya fi kafet ciwo.

Washegarin ruwan na fito na ga kafet ɗin an shanya shi a kan katangar da ke tsakaninmu, rabinsa ya zubo ta ɓangarena yana ɗiga. Jan ya koma ruwan ƙasa, yana warin awakina, kuma bai sake moruwa ba. Na daɗe ina kallonsa, ina jiran daɗin da na zaci zan ji in na gan shi a haka, bai zo ba. Rishon ƙanwata ya sha ruwa ya ƙi kamawa, ni kuwa ina da busasshen itace da nake ɓoyewa a saman zaure. Na dama koko mai zafi na cika kwano, na taka murhu na miƙa mata ta gefen kafet ɗin. Ta sa hannu biyu ta karɓa, tafukanta duk sun yi bororo saboda taɓarya.

Ta yi murmushi ta ce, “Yaya, yau kin dawo da mu zamanin da.”

A nan na gane ta daɗe da sanin abin da ke damuna, ba ta dai taɓa faɗa ba. Ta rasu shekarun baya, ni ce na saura, kuma har yau a ɗakin nan nake kwana. Abin da ranar ta koya mini shi ne ruwa dole a ba shi hanya, wanda ya toshe tasa bai kore shi ba, ɗakin maƙwabcinsa ya tura shi. Na kuma koyi cewa duk shekarun da na yi ina leƙen abin da ke cikin falon ƙanwata, ita gindin ɗakina take dubawa.