Roron Wake a Gonar Inna Dije

Ni ba mai yawo ba ce. Tun ina yarinya, ko gidan maƙwabta aka aike ni sai na riƙa waiwayen ƙofarmu. Shi ya sa har yau nake mamakin yadda Rabi ta shawo kaina na bi ta ƙauyensu, can bayan Sukukutane, har mako guda. Rabi ƙawata ce, katangarmu ɗaya a Dogon Dutsi, kuma a shekarar muka bar lokol, wato makarantar boko, tare. Ta ce mini akwai nono, akwai kankana, akwai kakarta Inna Dije mai tatsuniyar da ba ta ƙarewa. Zancen wake kaɗai ne ba ta yi mini ba.

Motar kasuwa ta yi ta kafewa cikin rairayi, mu sauka mu tura, mu hau, ta sake kafewa. Da muka isa, Inna Dije ba ta fara da fuskata ba. Hannuna ta kama, ta juya shi, ta ce, "Wanga hannun, don lalle anka yi shi. To, ɗiyata, Allah shi sa shi iya roro."

A nan na gane. An gama yankan hatsi, mazan gidan sun tafi biɗa, wato cin rani, ga wakenta kwance a gona ba mai tsince shi. Mai shela kuma ya riga ya zagaya gari: ranar Juma'a za a saki dabbobi cikin gonaki. Abin da ka kwashe naka ne, abin da ka bari na shanu ne, ba ƙara, ba shari'a. Waken nan kuwa shi ne abin da tsohuwa za ta riƙa haɗawa da ɗan hatsinta har damina ta kai.

Wayyo, roron wake! Ka duƙa tun da hantsi, ba ka miƙewa sai bayanka ya yi ƙara. Ƙarangiya ta kama zane, ta kama ƙafa, ta shiga tsakanin yatsu. Kwanson wake busasshe kuma yana da tsini kamar allura. Kowace safiya nakan ce yau zan nemi motar gida, sai in dubi tsohuwar nan a gabanmu, duƙe, kwando yana bin ta, in duƙa in ci gaba da roro.

Bayan magariba takan hura wutar kara a tsakar gida, mu ci tuwo, mu zube kusa da ita kamar buhuna. Sai ta gyara murya ta ce, "Ga ta nan tahe, ita ma ta gaji kamar ku." Mu ce, "Ta zamna mu ji ta." Tatsuniya ɗaya ce muka yi ta ja duk makon, don ba ta kaiwa ƙarshe a dare ɗaya. Yau Rabi ce ta yi barci, gobe ni, wani lokacin ita kanta Inna sai ka ji maganar ta tsaya a tsakiya, haɓarta ta sauka bisa ƙirji.

Ta ce a da can Gajiya tsohuwa ce, tana bin gida gida da marece, ta zauna bisa kafaɗun mutane. Akwai wata mace mai tsananin son aiki da ta tsane ta, don kullum tana zuwa kafin a ƙare. Rannan matar ta ce, "Gwaggo, shigar mini rumbu ki ɗebo hatsi." Gajiya na shiga, ta rufe rumbu ta liƙe da laka. Daga nan fa sai noma dare da rana, gonarta ta fi ta kowa. Amma Barci ya zo ƙofarta ya yi sallama, ya ce, "Ina yayata? Bayanta nika shiga." Aka ce ba ta nan, ya wuce. Daɗin tuwo ma ya zo ya tambaye ta, ya wuce. Matar tana ta cinyewa kamar bakin hauya, ba ta sani ba, har ɗiyarta ta gan ta a ƙofa ta gudu da kuka. Ranar ta fasa rumbun. Gajiya ta fito ta hau ta gaba ɗaya, matar ta kwanta, ba ta farka ba sai da tsuntsaye suka cinye gonar.

Daren Laraba muka kai nan. Na ce, "Inna, ashe ta yi asara ke nan?"

Ta ce, "Awo, ta yi asara, ke mai bakin tsiya. Amma ta tashi ta sha hura, ta ji daɗinta. Ta ƙare. Kowa shi kwashi ƙasusuwanshi shi kai shimfiɗa."

Ranar Alhamis rana ta karkata, ga babban gefe na gonar ba mu taɓa ba. Daga nesa muna hango shanu, makiyaya na tsare da su suna jiran safiya. Yatsuna duk sun tsage, jini na fita, ina gogewa a bakin zane kar a gani. Sau biyu idona ya yi duhu. Rabi ta ce akwai farin wata, mu kwana muna roro.

Sai Inna Dije ta aje kwando ta zauna a ƙasa.

"Ni kam na gaji," ta ce. "Ƙugu ya ƙiya. Ku kai ni gida."

"Haba Inna! Dubi abin da ya rage!"

"Na gani, ba makauniya ce ni ba. Shanu ma bayin Allah ne. Ɗaga ni."

Rabi tana kuka har gida. Da safe muka ji kukan shanu ya cika gonaki, ni kuwa, gaskiya, sanyi na ji a raina. Na koma Dogon Dutsi da ƙwaryar wake da Inna ta ce in kai wa uwata, na yi barci har aka fara tunanin ko ba ni da lafiya.

Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar nan tsohuwa ta yi ta ne don kanta, don ta ba kanta izinin zama. Sai bara, wajen sunan jikar Rabi, bayan mun wanke tukwane mun miƙe ƙafafu, na tuna mata da ranar, ina dariya. Ta dube ni ta ce, "Ke har yanzu kin yarda ta gaji? Matar da tana isowa gida tat tashi ta yi daka? Zanenki ta gani. Ta ce mini ɗiyar mutane ce, lahiya munka amso ta, lahiya za mu maida ta." Ta ƙara da cewa, "Waken bai kai su damina ba. Ganyen tafasa sunka yi ta ci."

Inna Dije ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, ba inda zan kai godiya. Ta bar wakenta ga shanu, ta kuma ɗauki sunan raguwa ta aza bisa kanta, don kada yarinya baƙuwa ta koma gida da kunya.

Yanzu ni ma gwiwoyi sun fara yi mini gardama. In ɗiyan maƙwabta suka zo taya ni surfe ko wanki, ina zuba musu surutu, amma idona na kan hannuwansu. Da na ga wata ta fara ɓoye nata cikin zane, sai in dafa ƙugu in ce, "Kai, yara, ni kam na gaji." Su yi ta yi mini dariya, wai Inna ba ta da ƙarfi. Nakan bar su su yi.