Ƙarar da Take Zuwa da Tsakar Rana

Har yanzu idan na ji rediyo tana shuuu, sai na ajiye abin da ke hannuna. Inna ta ce in daina tuna wannan rana. Ni kuma na ga gara in rubuta ta, ko ta sauka daga ƙirjina.

Gonar Baba tana bayan dutse, can gaba da Doguwa, inda waya ba ta da amfani sai dai a haska fitila da ita. Shi ya sa Baba da maƙwabtan gonarsa suka sayi oba-oba, rediyon hannun nan da ake magana da ita. Ɗaya tana aljihun Yaya, wana da suke noma tare da Baba, ɗaya kuma tana gida. Da rana sai mu ji muryarsa: "Gida, gida, kuna ji na?" Yawanci ba wani abu ba ne. Baba ne ke cewa a gaya wa Inna ta rage yaji a miyar dare.

Da rani muka sa sola, saboda Inna tana sayar da zoɓo da ƙanƙara. Mai haɗawa ya ɗora faranti a kan rufi, ya kafa akwatin da ke rarraba wutar a ɗakin Inna, ya nuna wani jan makunni ya ce kada kowa ya taɓa shi. Inna ta riƙe maganar kamar wasiyya. A gidanmu kuwa duk abu mai daraja wuri ɗaya ake ajiye shi, don haka ta shimfiɗa ɗan farin ƙyalle a kan akwatin, ta ɗora oba-oba a kai.

Tun daga nan rediyon ta fara ƙara. Da asuba ras take, da magariba ma haka, amma da zarar rana ta take sai shuuu, ba ka jin kowa. Baba ya ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Yaya ya ce, "Auta, faɗi gaskiya, a ruwan wanke-wanke kika tsoma ta." Inna ce kawai ba ta yi mamaki ba. Ta ce tsakar rana lokacin mutanen ɓoye ne, kuma kowa ya san dutsen nan ba shi kaɗai yake zaune ba. Sai ta yi bisimilla ta rage murya. A hankali muka saba, Yaya ya daina kira da rana.

Ranar da abin ya faru damina ce, bayan azahar. Ina tsinkar zogale a ƙofar ɗaki sai na ji kamar murya a cikin ƙarar, tana zuwa tana ɓacewa.

"Inna, kamar Yaya."

"Yayanki ba ya kira yanzu. Rabu da ita, ki yi a'uzu."

Na ƙara murya duk da haka. Babu abin da ya fito sai shuuu. Can sai wani gajimare ya rufe rana, tsakar gida ta yi duhu-duhu, ƙarar ta lafa. A wannan ɗan tsakanin na ji kalma biyu: Baba, da maciji. Gajimaren ya wuce, rana ta buɗe, ƙarar ta dawo ta haɗiye shi.

Ban san lokacin da tiren zogalen ya kife ba. Na dubi sama, na dubi farantin da ke ƙyalli a kan rufi, na dubi akwatin da rediyon ke zaune a kai. Na shiga ɗakin na ɗora hannu a kan jan makunnin.

"Ke! Mutumin nan ya ce..." Sai Inna ta ga fuskata. "Kashe. Kashe shi!"

Firji ya yi shiru, fanka ta tsaya. Muryar Yaya ta fito kamar yana tsaye a zaure, duk ta dashe.

"Gida, don Allah, gida!"

Na yi ta amsawa, shi kuma yana ta kira, ashe ban danna maɓallin magana ba. Inna ce ta kama babban yatsana ta danna da shi.

"Auta? Alhamdulillahi. Kububuwa ta sari Baba a ƙafa. Babur ɗinmu ya ƙi tashi. Ki ruga wurin Baffa ya zo da nasa. Kada ya bi ta mashigar rafi, ruwa ya kawo. Ya zaga ta rugar Fulani. Kin ji? Maimaita."

Na maimaita. Na fita ba takalmi, hijabina a baibai. Baffa, ƙanen Baba, yana gindin mangwaro yana wasa fartanya. Ina gaya masa saƙon Yaya, ya tashi babur ya wuce.

Na koma na zauna a ƙasa da rediyon a cinyata, Inna tana jan carbi a gefena. Can muka ji wata murya ƙasa-ƙasa.

"Auta, ba dai kuka kike ba?"

"A'a, Baba."

"Ƙarya kike. Ce wa Innarki yau ma ta rage yajin."

Inna ta yi dariya da hawaye a fuskarta, ta ce in gaya masa ya dawo ya faɗa da bakinsa.

Kafin la'asar ta yi sanyi sun isa asibiti a Tudun Wada, aka yi masa allurar dafi. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, ya daɗe a kwance, amma ya tashi. Yanzu da sanda yake zuwa gona, yana kuma cewa ado ne. Ƙanƙarar Inna kuwa duk ta narke a ranar, ta raba zoɓon sadaka da ɗuminsa.

Yaya ya mayar da oba-oba zaure, nesa da akwatin, ya ɗaura mata eriya a kan doguwar gora. Ƙarar ta ragu amma ba ta mutu ba, don gidajen layinmu ma sun sa sola. Inna ta ɗauki mayafi ta bi su gida-gida ta yi wa mata bayani. Yanzu da an sallame azahar kowa yana kashe nasa na ɗan lokaci, har masu gona su gama kira. Inna ba ta janye maganarta ba, ta dai ce ashe mutanen ɓoyen a cikin akwati suke.

Ni ce nake zama a zaure a wannan lokacin. Ina jin fankokin maƙwabta suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya, sai na ji, "Gida, gida, kuna ji na?" Nakan danna maɓallin da hannu biyu.