Cinikin Mota Mai Kujera Bakwai

Cikina na huɗu yana wata shida muka yarda cewa motarmu ta yi mana kaɗan. Yara uku ne a baya, biyu a kujerunsu na yara masu cin wuri, babbar kuma a tsakiya a matse, gwiwoyinta kusan a ƙirji. Duk Asabar in muka tashi daga unguwarmu Abbey Wood a Landan zuwa islamiyya, sai an yi faɗa kafin mu kai shataletalen farko. In juya in yi tsawa da Hausa, su ba ni amsa da Turanci. Rannan babbar ta tambaye ni, ba da wasa ba, ko jaririn a but ɗin motar za a riƙa sa shi. Abbansu ya yi ta dariya har ya wuce kwanar da zai shiga. Da muka dawo gida ya zauna gaban kwamfuta ya fara duba motoci masu kujera bakwai.

Kuɗin saye a dunƙule ba mu da su, bashin banki mai ruwa kuwa ya ce ba da shi ba. Ya tambayi malamin masallacin da yake Juma'a, aka ce masa haya babu laifi in an fayyace sharuɗɗanta. Sai muka tsaya a kan abin da suke kira lease: ka ajiye wani abu da farko, ka riƙa biya duk wata, bayan shekara uku ka mayar musu da motarsu.

Matsalar ita ce mijina bai iya ciniki ba. Tun muna Kano, in mai lemo ya faɗi kuɗi sai ya ƙirga ya ba shi, ya haɗa da godiya. A wurinsa neman ragi kamar ka ƙaryata mutum ne ido da ido. Ni kuwa a ciniki na girma. Ummata atamfa take sayarwa a gida, ita take zuwa Kwari ta saro, ni nake bin ta da jaka tun ina firamare. Na ga ta taya turmi rabin kuɗinsa ba ko ƙifta ido, na ga ta juya ta tafi, mai shago ya biyo ta da gudu har bakin layi.

Na yi mana booking a wani kamfanin motoci da ke bayan Croydon, muka bar yara wurin maƙwabta. A hanya na ja masa kunne.

"Abban yara, abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka yaba motar. Ko ta burge ka, ka haɗiye."

"An gama, ranki ya daɗe."

"Kuma in na miƙe, ka miƙe."

"Ai ni direba ne kawai yau," in ji shi.

Wadda ta tarye mu Baturiya ce mai furfura, za ta yi sa'ar babbar yayata ko ta ɗan girme ta, tabarau a rataye a wuyanta. Ta kalli cikina, ta jawo mini kujera, ta kawo shayi. Sannan ta kai mu gaban motar, shuɗiya, tana ƙyalli. Ta danna wani maɓalli a jikin mukulli, ƙofar gefe ta zuge da kanta a hankali, ba ko ƙara.

"Masha Allah! Kin ga ikon Allah?" in ji direbana.

Na taka masa ƙafa. Matar ba ta jin Hausa, amma ta daɗe tana karanta fuskokin mutane. Na ga ta yi murmushi ta miƙa masa mukullin. Da muka zagaya da motar don gwaji, sai da ya gaya mata yaranmu nawa, yaushe ake sa ran haihuwa, da yadda tsohuwar motarmu take tari da safe. Duk abin da mai ciniki yake ɓoyewa, ya zube mata shi kafin mu dawo.

Muka zauna a teburinta ta juyo mana fuskar kwamfuta. Fam ɗari huɗu da casa'in duk wata, shekara uku, mil dubu takwas a shekara. In ka wuce dubu takwas ɗin, kowane mil da kuɗinsa ranar mayar da mota. Na gyara mayafina na ce ɗari uku da hamsin. Abban yara ya ɗaga kai yana nazarin fitilun silin.

Matar ta sa tabaranta ta dube ni da kyau. Ta ce, "In kin samu a haka, don Allah ki kira ni, ni ma ina son guda." Ta tashi ta shiga ofishin manajansu, ta daɗe, ta dawo da ragin fam goma.

Na yi godiya na miƙe. Shi ma ya miƙe, yana ba ta haƙuri da idanu. Na nufi ƙofa ina tafiya a hankali, irin tafiyar Umma, kunnena a baya. Na wuce mota ta farko. Na wuce ta biyu. Na tsaya ina gyara takalmin da babu abin da ya same shi. Har ƙofar gilashin ta buɗe ta rufe a bayanmu babu wanda ya kira ni. Da na saci kallo ta gilashi, ta riga ta jawo wa wasu kujera, ta ɗago mini hannu cikin fara'a.

Muka shiga tsohuwar motarmu. Muka kama hanya har muka tsaya jirgin tiram ya wuce. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, yana danne dariya.

"Ko in koma in ce mata ta biyo ki?"

"Ka tuƙa mu kawai, malam."

Ya tsaya ya saya mini kifi da dankali don in huce. Na ci, amma ban huce ba.

Washegari bayan abincin rana na ɗauko takardun gwajin mota na shekara-shekara, don kowacce tana nuna nisan da mota ta yi. Dubu takwas ɗin nan ce ta tsaya mini a rai. Shi ya ce ta ishe mu, tunda jirgin ƙasa yake hawa zuwa aiki, ni ma kantin maganin da nake aiki da ƙafa nake zuwa. Na lissafa sau biyu. Kusan dubu goma sha huɗu muke yi a shekara.

Na ajiye masa takardun a kan cinya, na fara tuna masa. Filin jirgi, aƙalla sau biyu a wata, ɗauko ɗalibin da bai taɓa gani ba, don kawai wani ya ba da lambarsa a gida. Suna a Birmingham. Ta'aziyya a Leicester. Dattijon da aka kawo aikin ido, wanda ya yi sati uku yana kai shi asibiti yana dawo da shi. Kayan wani da aka kora daga flat. Ina faɗa yana sunkuyar da kai, kamar ina karanta masa laifuffuka.

"To, zan rage," ya ce a hankali.

Yadda ya faɗe ta sai jikina ya yi sanyi. Na san dalilin da ya sa ba ya iya cewa a'a. Ranar da ya fara sauka a ƙasar nan, shekaru kafin in biyo shi, wanda ya yi alkawarin tarbarsa bai zo ba. Ya wuni a kusa da tashar Charing Cross da akwati biyu, ruwa na dukansa, yana nuna wa mutane adireshi a takarda suna wucewa. Sau ɗaya ya taɓa ba ni labarin, bai sake ba. Na kwashe takarduna na ce masa ba ragewa na ce ya yi ba, cewa na yi dubu takwas ba za ta ishe mu ba.

Na kira Umma ta bidiyo na ba ta labarin yadda na yi tafiyata ba a kira ni ba. Ta yi dariya har wayar ta kuɓuce mata, na yi ta kallon fankar ɗakinta. Da ta ɗauko ta ce, "Ita matar, shagon nata ne?"

"A'a Umma, ma'aikaciya ce."

"To kin je kina matsa mata a kan abin da ba ya hannunta. Ki nemi abin da yake hannunta. In kuɗi ya ƙi sauka, ai sai a nemi gyara. Kuma ki bar gaggawa, mai sayarwa ma yana da ranar da yake matse."

Na rubuta wa wasu kamfanoni biyu, suka aiko da farashinsu a rubuce. Ɗaya ya fi sauƙi kaɗan, amma sai an jira mota wata huɗu, ni kuwa saura wata uku. Na buga takardar duk da haka na ajiye a jaka. Kwana tara babu labari. Abban yara ya daina maganar motar, amma na sha kama shi yana kallon hotonta a waya. Ana saura kwana uku wata ya ƙare, ina hutun rana a wurin aiki, wayata ta yi ƙara. Matar ce. Ta tambayi lafiyar ciki, sannan ta ce ko za mu iya leƙowa gobe.

Wannan karon ban yi wani salo ba. Na shimfiɗa mata takardun gwajin motarmu da farashin ɗaya kamfanin, na ce mil dubu goma sha biyar muke so, kuma ba za mu iya biyan abin da ta faɗa da farko ba. Ta duba lambobin, ta juya wurin mijina.

"Kai da kake hawa jirgi zuwa aiki, ina kake zuwa haka?"

Ya kalle ni, na ɗaga masa kai. Ya fara bayani yana jin kunya, filin jirgi, asibiti, jana'iza. Ya ce a wurinmu in baƙo ya sauka ba a barinsa ya nemi hanya shi kaɗai. Ta ajiye bironta tana saurare. Da ya gama ta ce mahaifinta haka yake, duk Lahadi sai ya zagaya unguwa ya kwashi tsofaffi zuwa coci, mahaifiyarta tana mita a kan kuɗin mai har ya rasu, bayan ya rasu kuma mahaifiyar tata ce ta karɓi mukullin ta ci gaba.

Ba zan ce labarin ne ya sauko da farashi ba, don a lokacin ma ta riga ta san abin da ta kira mu a kai. Akwai mota irin wadda muka gwada, sai dai ruwan toka ce, wani ya yi oda ya fasa, tana bayan gini a ajiye. In za mu ɗauke ta kafin wata ya ƙare, za ta ba mu mil dubu goma sha biyar a ɗari huɗu da saba'in. Na ga fuskar Abban yara ta ɗan canja da jin ruwan toka, shuɗiyar yake so, amma wannan karon ya haɗiye.

Na ce ɗari huɗu da hamsin, kuma a haɗa da sabis da tayoyi da shimfiɗun roba na ƙasa, don yarana da taɓo suke shiga mota. Ta ce tayoyi ba zai yiwu ba. Sabis na farko da shimfiɗu, ta ba ni. Kuɗi kuwa ɗari huɗu da sittin, daga nan ko manaja ba zai motsa ba. Na buɗe baki zan ce da hamsin da biyar, sai na ji ya taɓa hannuna a ƙarƙashin tebur.

"Maman yara, ya isa haka. Ki bar ta ita ma ta ci abinci."

Na dubi matar, ta dube ni. Na ce ta kawo takardu. Ban sa hannu ba sai da ta karanta mana sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, har girman ƙarcen da za su yafe da wanda za a biya, da abin da zai faru in an ɓata kujera. Ta yi mini bayanin komai ba ta ƙosa ba. Da muka tashi ta riƙe hannuna da hannu biyu, ta ce in kawo mata jaririn ta gani. Har yau ban san wadda ta ci riba tsakanina da ita ba. Da na gaya wa Umma, cewa ta yi tunda kowa ya tashi yana dariya, ciniki ya yi.

Ranar da muka ɗauko motar, tun daga Croydon yake tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai, yana kafa dokoki. Motar mutane ce, amana ce. Ba a ci a ciki, ba a sha, ba a sa ƙafa a bayan kujera. Da muka iso layinmu sai ga matsalar da babu wanda ya yi tunaninta a cikinmu: gurbin da muka saba fakin ya yi mata kaɗan. Ya shiga ya fito, ya shiga ya fito, motar tana ta ƙara tana gargaɗi, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, wadda ta riƙe mana yara, ta fito da zani a ƙirji da suwaita a sama, ta tsaya a baya tana ba shi hannu da Hausarsu ta zango.

"Zo, zo, zo! Alhaji, motan ka babba ne, juya shi kaɗan. Tsaya!"

A karo na biyar ta shiga. Yara suka fito da gudu, ƙofar ta zuge, suka yi ihu, suka hau kokawar wanda zai zauna a layin ƙarshe. Abbansu ya juyo daga sitiyari ya fara maimaita musu dokokin da Hausa, ya sake da Turanci don kada a ce ba a gane ba. Yana cikin doka ta biyu maƙwabciyar ta dawo da kwano cike da ƙosai mai zafi, ta ce ba a shiga sabuwar mota baki bushe. Ta zura hannu ta ƙofar ta ɗora wa babbar a cinya, ta yi addu'a Allah ya tsare hanya, muka ce amin.

Yara uku suka tsaya da ƙosai a hannu suna kallon ubansu. Ya kalli kujerun, ya kalli maƙwabciyar, ya kalle ni. Sai ya miƙa hannu baya ya ce a ba shi guda biyu.