Minti Huɗu na Tsohon Sojan Suez

Shekarar da rikicin mashigin Suez ya cika shekara sittin, ina aiki a wani gidan rediyo a Paris, aka ba ni shirin minti goma a kansa. Na san abin da nake so in faɗa: yadda Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka ƙulla a ɓoye suka afka wa Masar, yadda Amurka ta juya wa Birtaniya baya har darajar fam ta fara zubewa, da yadda firaministan Birtaniya ya musanta ƙulle-ƙullen a gaban majalisa, bai jima ba ya sauka. Siyasar London ce ta ɗauke mini hankali. Muryar wani ganau kawai nake nema, don shirin ya yi armashi.

Wani abokina ya haɗa ni da wani dattijo ɗan Tahoua da ke zaune a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, wanda ya je garin Port Said na Masar cikin sojojin Faransa. Na hau jirgin ƙasa na same shi.

Ya tarbe ni da babbar riga, 'yarsa ta kawo shayi. Muna gaisawa ina satar kallon agogo. Na tambaye shi yadda ya ji lokacin da firaministan Birtaniya ya yi murabus.

Ya ce, "Malam, ban san shi ba. Shi ma bai san ni ba."

Sai ya ce kada in kashe na'urar ɗaukar murya. Ranar da suka shiga Port Said, in ji shi, ya ga motsi a wani lungu ya yi harbi. Da ya ƙarasa, ya tarar da mutum kwance, butar alwala a gefensa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ƙanwarsa da ke Tahoua, tun dawowarsa daga soja take yi masa kirarin barde, kuma ba ta fashin sauraron shirinmu.

"Ina son ta ji daga bakina, gaban jama'a. Ka sa shi duka, ɗana."

Na ce, "In sha Allahu, Baba."

Da na koma Paris na auna maganar, minti huɗu ce. In na sa ta, dole in cire muhawarar majalisa, wadda na kwashe kwana uku ina gyara Hausarta. Na yanke. Na bar masa daƙiƙa ashirin, inda yake cewa sun iso hayaƙi ya rufe gari. Shirin ya fita tsaf, har aka yaba mini.

Washegari 'yarsa ta bugo, ta taƙaita gaisuwa. Ta ce sun taru a falo sun saurara, sun kuma sanar da Tahoua tun da wuri.

"To, Malam, ina sauran?"

Na ce edita ne ya cire. Babu editan da ya saurari faifan nan. Ni kaɗai na ji shi.

Ta miƙa wa mahaifinta wayar. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiyar hanya. Na ce zan tura wa ƙanwar tasa muryar gaba ɗaya ta waya.

"A'a. In raɗa ce a kunne, da na yi mata tuntuni."

Ya ce ƙanwar ta riga ta bugo masa tana murna. Unguwa duk ta ji shi a rediyo, mata sai shigowa suke suna yi mata barka.

"Girma ka ƙara mani, Malam. Shi ne na roƙe ka ka rage."

Ya ce in gaida mutanen gida, ya ajiye waya.