Ranar da Muka Gyara Tafki na Uku

Ƙauyenmu yana bayan Jos, idan ka bi Titin Bauchi ka ratse hagu. Duk ruwan kwatar garin, na wanka da na wanke-wanke da wanda ba a faɗa, gangarowa yake ya bi ta lambunmu. Da shi maigidana yake ban ruwan latas da rani. Latas ɗin kuwa ya yi kyau, sai dai hanci ba ya yarda da shi.

Wata mata ce 'yar unguwar Kabong take saye a hannunmu ta kai kasuwar Farin Gada. Wata rana ta ɗaga ganye ɗaya ta sunsuna, ta ajiye, ba ta ƙara zuwa ba. Shekara biyu muna sayar wa masu wucewa a wulaƙance.

Sai ƙaramar hukuma ta turo injiniya ya haƙa tafki uku a jere. Ruwan kwata ya shiga na farko ya kwanta, ya wuce na biyu ya sha rana, a na uku kuma ya ratsa wata doguwar ciyawar fadama da injiniyan ya dasa da hannunsa. Ciyawar ce ke tace sauran ƙazantar. Wannan bayani maigidana kaɗai aka yi wa, don shi aka bar wa kula da wurin. Shi kuma mutum ne da sai ka sa ƙugiya ka ciro magana daga bakinsa. Ko ni da nake dafa masa tuwo bai gaya mini ba.

Bayan wata biyar ruwan ya fara fita garau. Maigida ya yi ta zarya Farin Gada har matar ta yarda za ta zo ta gani da idonta ranar wata Asabar. Tun asuba ya tafi ɗauko ta.

A safiyar ce mai unguwa ya sa aka yi shelar aikin gayya, don manya za su zo buɗe tafkunan ranar Litinin. A garinmu baƙo ba ya tarar da ciyawa. Ko limami ne zai zo duba mara lafiya, sai an share ƙofar gida. Maza suka fito da fartanya da adda, suka ga tafki na uku ya cika da ciyawa har ƙirji, suka ce maigidana ya yi sakaci amma za su rufa masa asiri. Ni na dama musu kunu, har ina jin daɗi.

Sun yi aiki tsakani da Allah. Ba su bar ko saiwa ɗaya ba. Suka tattake lakar da ta kwanta a ƙasa, ruwa ya koma baƙi ƙirin, ya gangara lambu.

Da azahar motar da ta kawo su ta tsaya. Matar ta sauko, ta tsaya a bakin kwarin latas. Ba ta ma sunkuya ba.

"Baba, wannan ne ruwan da ka ce?"

"Shi ne, Mama," in ji maigida.

Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma mota.

Mutanen gayya suna zaune a gindin mangwaro, laka har wuya, suna jiran godiyar da aka saba. Na ga idon maigida ya yi ja, a lokacin na gane ɓarnar da aka yi. Ya je ya tsaya a gabansu ya bi su da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Sannunku da aiki. Allah ya saka da alheri."

Suka ce ba komai, ai yi wa kai ne.

Latas ɗin shekarar awaki suka ci. Da rani ya zagayo bai yi yafin iri ba, kuma ban tambaye shi dalili ba.